Wai a Shafi Ɗaya Ake Yarda da Mutum?

'Yan'uwana mata, ina da ƙorafi a kan marubutan littattafan soyayya, kuma yau sai na faɗa.

Don Allah ina suke samo irin waɗannan matan? Za su ɗauko yarinyar da aka yi wa auren dole, miji ya ci amanarta, ya sake ta da goyo. Littafi na ɗaya da na biyu ba ta yarda da kowane ɗa namiji, ko sallama aka yi da ita ba ta fitowa. Sai a na uku, Alhajin da ke nemanta ya yi haɗari a hanyar Zariya, ta gan shi kwance a asibiti, shi ke nan ta fashe da kuka, wai zuciyarta ta narke. Haba! Tausayi daban, yarda daban.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Duk bazawarar da ta sha wuya ta san yadda abin yake. Ya ce zai zo bayan la'asar, sai ta zuba ido ta ga ko zai cika. Ta faɗa masa ɗan ƙaramin sirri, ta saurara ta ji ko zai dawo mata daga bakin ƙanwarsa. In bai dawo ba, ta ƙara wani. Rannan ya makara, sai tsohon ciwo ya tashi, ta murtuke fuska sati guda, alhali bai yi laifin komai ba. Sai can da daɗewa ta iya damƙa masa kuɗin adashinta. Wannan tafiya da komawa baya ita muke so a rubuta mana.

Ku duba Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, 1990. Da Rabi ta koma wa Alhaji Abdu bayan duniya ta juya masa baya, ba a yi mana ƙaryar so ya dawo ba. Matsa mata aka yi, kuma mai karatu na gani.

Abin da ya fi ci min rai, 'yanmata na karanta waccan ƙaryar su ɗauka haka ake yi. Sai ki ji an ce wa wadda aka cuta: "Ke ma taurin zuciya gare ki, ba ya ba ki haƙuri ba?" Ya bayar. Shekara bakwai ya yi yana mata ƙarya, haƙurin kuwa jiya da daddare ya ba ta.