Agogo Mai Ƙwaƙwalwa Da Makullin Asusun Ɗan Kasuwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya, ta ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu har zuwa Karshi, zai ga yadda garin Orozo ya cika ya batse da shaguna: masu siminti da rodi, masu kayan masarufi, da kuma 'yan POS da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin titi. Tun farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 kuma kuɗi suka yi wuyar samu, babban kaso na cinikin waɗannan shaguna ya koma cikin wayar salula. A halin yanzu kuwa ya ƙara matsawa gaba, ya hau tsintsiyar hannu, domin ga agogon zamani nan mai ƙwaƙwalwa, wanda ke nuna wa mai shi kowane saƙo da ya shigo wayarsa.

Abin lura shi ne, mutanen da ya kamata a ce sun fi kowa ɗokin wannan agogo, watau matasan nan masu rubuta manhajar kwamfuta, su ne suka fi ɗari-ɗari da shi. Mai talla zai lissafa maka abin da agogon ke yi. Mai rubuta manhaja kuwa tambayarsa ta farko ita ce, me agogon ke gani, kuma wa yake gaya wa? A ra'ayinmu, ɗan kasuwar da kuɗinsa ke kwana a waya ya fi buƙatar wannan tambaya.

Dalili kuwa a fili yake. Agogon ba ya aiki shi kaɗai. Sai an haɗa shi da waya ta Bluetooth, sa'an nan a sauke wata manhaja da ke tafiyar da shi. Ita wannan manhaja takan nemi izinin karanta saƙonnin da ke shigowa, da jerin sunayen da ke cikin waya, da kuma sanin inda mutum yake. Galibi akan danna amincewa ba tare da an karanta ba. To, cikin saƙonnin da aka ba ta izinin gani har da lambar sirrin nan ta wucin gadi da banki ke turowa kafin a fitar da kuɗi. Idan agogon na sanannen kamfani ne, akwai wanda za a tuhuma in wani abu ya faru. Amma agoguna masu araha da ake zubewa a tire, waɗanda ko sunan wanda ya ƙera su babu a jikin kwali, su wa za a tuhuma? Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to amma wannan rariya ce da mai sayenta bai san rariya ba ce.

Kada a ɗauka cewa zargi ne kawai na masu yawan tsoro. A watan Nuwamba na 2017 hukumar kula da sadarwa ta Jamus ta haramta sayar da wasu agogunan yara, saboda ana iya sauraron abin da ake faɗa a kusa da yaro daga nesa ba tare da sanin kowa ba. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya gano cewa taswirar da kamfanin Strava ya wallafa, wadda ke nuna hanyoyin da masu motsa jiki ke bi, ta fallasa fasalin sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, domin sojojin na atisaye da na'urorinsu ɗaure a hannu. A watan Yuli na 2020 kuma masu kutse sun tsayar da ayyukan kamfanin Garmin na tsawon kwanaki. Idan har rundunar soja ta yi sakaci da abin da agogo ke ɗauka, ina ga mai shagon siminti?

Sai dai a ganinmu haɗarin da ya fi kusa da ɗan kasuwar Orozo bai kai wannan zurfi ba. Shago ya cika, mai saye ya ce ya turo kuɗi, agogo ya yi motsi a hannu, mai shago ya ɗan leƙa ya ga sunan banki da adadin kuɗi, sai ya ce wa yaro a ɗora kaya. Alhali kuwa saƙon tes abu ne da ake iya ƙirƙirarsa, kuma fuskar agogo ƙarama ce, layukan farko kawai ido ke kamawa. Alat na bogi ya riga agogon zuwa, gaskiya ne, amma agogon ya rage ɗan lokacin nan da mutum kan ɗauka ya ciro waya ya duba da kyau. Kuɗi bai shiga ba sai an buɗe manhajar banki an ga ragowar asusu ta ƙaru.

Haka lamarin yake game da shafukan intanet. Shekara da shekaru ana koya wa jama'a cewa in sun ga hoton kwaɗo a saman shafi, to, shafin amintacce ne. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna cewa ba haka ba ne: kwaɗon na nufin babu mai leƙen abin da ke tsakaninka da shafin, amma bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Tun da aka fara bayar da takardar shaidar kwaɗon kyauta, 'yan damfara ma suna da nasu. Har ta kai kamfanin Google ya cire hoton kwaɗon daga Chrome a 2023, saboda yadda mutane ke yi masa gurguwar fahimta.

Su ma masu rubuta manhajar suna da nasu laifin. Sukan yi magana da yaren da su kaɗai ke ji, kuma wani lokaci sukan zuzuta haɗari har mai sauraro ya fid da rai ya ce ai komai ƙaddara ce. Agogon kirki na da amfani. Yana auna bugun zuciya, kuma irin na Apple yakan kulle kansa da zarar an cire shi daga hannu, in dai an sa masa lambar sirri.

Dangane da hukuma, ba za a ce ba a yi komai ba. An ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairu na 2014, aka kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet a 2015, aka umarci haɗa layukan waya da lambar NIN a watan Disamba na 2020, sa'an nan aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023. Da Babban Bankin ya ba da umarnin cire harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kuɗin da ake turawa, a watan Mayu na 2024, 'yan kasuwa sun yi ca har Gwamnatin Tarayya ta dakatar da shi. Sun yi daidai. Amma abin mamaki, da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan kuka ba su sa wa layin wayarsu lambar sirri ba, abin da ba ya cin ko kwabo, alhali ɓarawon da ya fizge waya a cunkoson Nyanya ba wayar ce ta dame shi ba, layin da ke haɗe da asusun banki yake nema.

Saboda haka shawararmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Orozo da kewaye ita ce, a taronsu na gaba su gayyato ɗaya daga cikin waɗannan matasa, su ba shi rabin sa'a, bisa sharaɗin ya yi bayani da harshen da kowa zai gane. Ya nuna wa kowa yadda ake kulle layi, da yadda ake hana saƙonnin banki fitowa a fuskar agogo, da kuma lambar da bankin kowannensu ya tanada domin toshe asusu daga wata wayar idan tasa ta ɓace.