Alamar rai a duniyar Mars: hujjar na kulle cikin bututu

A ranar 10 ga Satumba 2025, hukumar NASA ta Amurka ta bayyana cewa motar bincikenta Perseverance ta gano abin da ka iya zama sawun ƙwayoyin halitta a Mars. Dutsen da ake magana a kai, mai suna Cheyava Falls, yana kwarin Jezero, inda ruwa ya taɓa kwanciya shekaru biliyoyi da suka wuce.

A jikinsa akwai ɗigo-ɗigo irin na fatar damisa, ɗauke da ma'adinai biyu: vivianite, haɗin ƙarfe da fosfat, da greigite, haɗin ƙarfe da farar wuta. A doron ƙasa, sau da yawa ƙwayoyin halitta ne ke barin su cikin laka bayan sun ci ruɓaɓɓun abubuwa. Sai dai suna iya samuwa ba tare da rai ba, idan akwai zafi mai tsanani ko ruwa mai tsami. Tawagar Joel Hurowitz, a mujallar Nature, ta ce ba ta ga alamar ko ɗaya a dutsen ba, amma ta ƙi yanke hukunci. Ta yi daidai. A 1996 an yi irin wannan murna kan dutsen ALH84001, har shugaba Clinton ya yi jawabi, daga baya yawancin masana suka ja da baya.

Ƴan Nijar na iya tambaya: dutsen Mars mai kusan kilo 25 da aka tsinta a jihar Agadez, aka sayar a New York kan dala miliyan 5 da ɗoriya, fa? Irinsa narkakken dutse ne da ya daskare, kuma ƙwayoyin duniyarmu sun riga sun taɓa shi.

Abin da zai raba gardama shi ne gutsuren da Perseverance ta haƙo a Yulin 2024 ta rufe cikin bututu. Na'urorin motar sun yi iya yinsu, saura ɗakunan bincike na nan ƙasa. Kuɗin ɗauko samfuran an ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 11, kuma kasafin da gwamnatin Trump ta gabatar a Mayun 2025 ya nemi a soke aikin. Sin kuwa na shirin harba Tianwen-3 a 2028, ta dawo da nata samfurin wajen 2031, daga wani wuri dabam.