Otal ɗin da ya shekara 1,300 a hannun "iyali ɗaya": ku daina ba mu rabin labari

1/ Hoton tsohon otal ɗin nan na Japan ya sake dawowa yawo. Duk mai shafin ƙarfafa gwiwa ya ɗora shi da magana iri ɗaya: shekara 1,300 a hannun iyali ɗaya, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika, ku ga amana! Sai a rufe da gori, wai mu ko arba'in ba a yi an sa shagon uba a kasuwa. Rabin labari ne wannan. Ku biyo ni mu ji sauran.

2/ Da farko, otal biyu ne ake cakuɗawa. Akwai Nishiyama Onsen Keiunkan a lardin Yamanashi, wanda aka ce an kafa a shekarar 705. Akwai Hoshi a Awazu, lardin Ishikawa, na shekarar 718. Hoshi ne ke riƙe da kambun otal mafi tsufa a kundin Guinness, har 2011 da aka miƙa wa Keiunkan.

3/ Don ku gane nisan abin: 718 zamanin halifancin Umar bin Abdul'aziz ne. Sama da shekara dubu kafin jihadin 1804. Ba na raina wannan ko kaɗan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dalilin da ake ba mu na daɗewar.

4/ Ire-iren waɗannan masaukai ana ce musu ryokan. Ɗakuna ne masu shimfiɗar tabarma, a ba ka abincin dare da na safe, ka yi wanka a ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki na Yankari zai ɗan hasko, sai dai nasu ya fi zafi. Ruwan nan shi ne ainihin jarin. Ba ya ƙarewa, kuma ba ya ɗaukuwa a kai wani gari.

5/ Labarin da gidan Hoshi ke riƙe da shi ya ce wani malamin addinin Buda mai suna Taicho ne aka nuna wa ruwan a mafarki, almajirinsa Garyo Hoshi ya gina masauki a wurin. Ginin da kuke gani a hoto kuwa ba na wancan zamani ba ne. An sha rushewa ana sake gini. Keiunkan ma an yi masa gagarumin gyara a 1997.

6/ To mu zo kan maganar jini. Hoshi ya kai magaji na 46, Keiunkan na 52. Mu yi ɗan lissafi irin na aji ɗaya. A ce duk uba yana da damar kashi 90 cikin 100 ta samun ɗa namiji da ya rayu, yana da hankali, kuma yana son sana'ar. Na ma yi kyauta da wannan adadi. Ninka shi sau 45 a jere, abin da zai rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

7/ To yaya suka yi? Suna da wata al'ada, mukoyoshi. In maigida ba shi da ɗa namiji, ko yana da shi amma ya ga ba zai iya ba, sai ya nemo saurayi mai ƙwazo, ya aura masa 'yarsa, ya mai da shi ɗa a takarda. Saurayin ya ajiye sunan gidansu, ya ɗauki na surukinsa, ya gaji sana'ar. Cikin magada 52 na Keiunkan akwai waɗanda ɗauko su aka yi daga waje.

8/ Kada ku ce tsohon zance ne. Osamu Suzuki, wanda ya jagoranci kamfanin motoci da babura na Suzuki shekaru da dama, sunan gidansu na haihuwa Matsuda. Aure ya shigo da shi a 1958, ya ɗauki sunan Suzuki. Babur ɗin da muka sani tun muna yara, suruki ne ya riƙe kamfaninsa.

9/ A Hoshi ma duk wanda ya gaji gidan sai ya koma Zengoro Hoshi, ko da wane suna aka raɗa masa. Kamar dai sarauta: a naɗa ka, sunan yankanka ya ɓace. Shi ya sa in ka kalli jerin sai ka ɗauka mutum ɗaya ne ya ƙi mutuwa. Suna ne ya shekara 1,300, shi da ruwa. Mutane kam ana ta sauya su.

10/ Mu muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Waɗannan mutane ba su yarda da karin maganar nan ba sam. Sun fi gaskata ɗaya karin namu, cewa albasa kan ƙi halin ruwa, kuma sun yi tanadin ranar da hakan zai faru. Ɗa ya san in ya yi wasa, mijin ƙanwarsa zai zauna a kujerar.

11/ Abu na biyu da ba a faɗa: rabo. A tsohon tsarinsu na gida, wanda dokar 1898 ta tabbatar, mutum ɗaya ne ke gadon shugabancin gida da dukiyarsa, galibi babban ɗa. Sauran ƙanne su kama gabansu, ko wani gida ya ɗauke su. 'Ya'ya mata a aurar. Wato otal ya zauna a dunƙule ne don an cire hannun kowa sai mutum ɗaya.

12/ Kai mai turo hoton, kai ne na nawa a gidanku? In na huɗu ne, to a tsarin da kake yabo ba ka da ko tabarma a otal ɗin. Faɗa mana gaskiya, ka amince?

13/ Abu na uku: wa ke biyan kuɗin wannan tarihi? A 2013 babban ɗan Zengoro na 46, wanda aka raina don ya gaji gidan, ya rasu. Nauyi ya faɗo kan ƙanwarsa, wadda ba don wannan aka tarbiyyantar da ita ba. Wani Bajamushe, Fritz Schumann, ya yi gajeren fim a kan iyalin a 2014. Ku neme shi ku kalla.

14/ Za ku ga mace da ake kallo a matsayin gadar da suna zai bi ya haye. Maganar aurenta ma ta zama maganar otal, don mijin da za ta kawo shi ne ake sa ran ya ɗauki sunan. Mutum 46 sun riƙe, waye zai yarda a ce a hannunsa ta karye? Wannan ba ya fitowa a hoton da ake sa wa furanni.

15/ Shi kuwa Keiunkan, mai riƙe da kambun, tun 2017 ya fita daga hannun iyalin. Ba a samu wanda zai karɓa a cikinsu ba, sai babban manajan otal ɗin, Kenjiro Kawano, ya karɓi ragama. Otal na nan, baƙi na kwana. Masu cewa "har yau iyali ɗaya" sun makara da shekaru.

16/ Tsufa kuma ba laya ba ce. Kongo Gumi, kamfanin gina wuraren ibada a Osaka, ya girmi duka biyun, tun 578 yake. Bashi ya ci shi, a 2006 ya koma ƙarƙashin kamfanin Takamatsu. Ryokan ɗin ma sun haura 80,000 a 1980, zuwa 2017 ba su kai 40,000 ba. Biyun da suka tsira ake nuna mana, dubban da suka rufe ba mai ɗaukar hotonsu.

17/ Na san masu zuwa su ce: ai ka ga kenan, rabon gado ne ke kashe mana kasuwanci. A'a, Malam, tsaya. Japan ta soke wancan tsari tun 1947, duk 'ya'ya suka samu haƙƙi a doka. Sama da shekara 75 kenan, kuma Hoshi bai rufe ba. Ashe ana iya ba kowa nasa ba tare da an sa gatari a gini ba.

18/ Mu ba za mu mai da suruki ɗa mu sauya masa sunan uba ba, ba kuma za mu hana 'ya mace ko ƙani gadonsa ba. Ba ma buƙatar hakan. Abin da za a ɗauka daban ne: a raba mallaka da riƙo. Kowa ya san kasonsa a rubuce, ya karɓi ribarsa. Kujerar gudanarwa kuwa a ba wanda ya iya, ko ƙarama ce a gidan, ko yaron shago ne da ya shekara 20 yana riƙe da makulli.

19/ Wannan ne wurin da muke faɗuwa. Babban yaya ya hau kujera don shi ne babba, ba littafin shiga da fita, aljihunsa da akwatin kuɗi duk ɗaya. Ƙanne su ga ba sa ganin komai, su ce a sayar a ba su nasu. Sai a zo nan a ce yaran yanzu ba su da kishin gida. Laifin wa?

20/ Kuma don Allah a daina amfani da hoton nan ana danne matasa. Da yawa a cikinmu a jami'a ana jiran mu gama ne mu dawo mu zauna a shagon da ba mu zaɓa ba, in ka yi magana a ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Gadon gida alala ne ga raggo, na yarda. Amma wanda ke son likitanci ba raggo ba ne, kuma sana'ar ba za ta ji daɗin hannunsa ba.

21/ Saboda haka in za ka sake ɗora hoton, ɗora shi cikakke. Rubuta cewa an sha ɗauko magaji daga waje, an cire sauran 'ya'ya daga rabo shekaru aru-aru, kuma mafi tsufan yana hannun tsohon ma'aikaci tun 2017. In ka rubuta haka, sai mu zauna mu yi maganar abin da za mu koya.

22/ Masu shagunan gado da gidajen abinci da masauki a nan, ku gaya mini: a gidanku wa ke riƙe da littafi, kuma ta yaya aka zaɓe shi? Ina karanta amsoshi bayan lacca.