Ɗan Dutse da Alƙalami: Kira ga Masu Sha'awar Ƙaga Labari

Sanin kowa ne cewa babu ajin nazarin Hausa da za a shiga a rasa ɗalibai masu burin rubuta ƙagaggen labari. Sai dai sau da yawa burin yakan tsaya a fatar baki. Wani ya ce yana jiran basira ta sauko masa, wani yana jiran a sanar da gasa, wani kuwa yana ganin sai wanda ke zaune a Kano, kusa da maɗaba'a da masu sayar da littattafai, shi ne zai iya zama marubuci. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa ɗalibin Dutse da kewaye ba shi da wani uzuri daga cikin waɗannan, kuma maganin kasalarsa da raunin salonsa guda ne, watau ya zauna kullum ya rubuta abin da ya sani game da ƙasarsa.

Tarihin rubutun zube na Hausa shi ne shaida ta farko. A gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, waɗanda suka yi fice ba su taɓa ganin ƙagaggen littafin Hausa da za su kwaikwaya ba. Abubakar Imam yana malamin Makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma aikin koyarwa yake yi a Bauchi lokacin da ya rubuta Shaihu Umar. A 1936 kuma Imam ya zauna a Zariya na kimanin wata shida, ya samar da Magana Jari Ce littafi uku. Aikin da aka gama cikin wata shida ba na mai jiran saukar basira ba ne, na mai zaman teburi ne safe da yamma.

Lissafin ma ba shi da wuya. Ɗalibin da ya ɗaukar wa kansa alkawarin rubuta kalma 300 a kowace rana, watau kimanin shafi guda, zai tara kalma 30,000 cikin kwana 100, ƙasa da tsawon zangon karatu ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika. Abin da ake bukata shi ne ware lokaci tsayayye, alal misali bayan sallar asuba kafin hayaniyar ɗakin kwana ta tashi, tare da ajiye wayar hannu nesa da teburi. Gasa tana da amfani, domin gasar Kamfanin NNPC ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, haka kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama. Amma gasa girbi ce, wanda bai yi shuka da noma ba kuwa ba ya zuwa gona da lauje.

Matsala ta biyu ta fi ta farko illa. Da zarar ɗalibi ya fara rubutu, sai ya ɗauki taurarinsa ya kai su Abuja ko Dubai, ya zaunar da su a gidajen da bai taɓa shiga ba, suna maganar da bai taɓa jin wani ya yi ba. Daga nan labarin kan mace a babi na uku, domin marubucin ba shi da abin da zai ciyar da shi. Ya kamata a tuna cewa Imam, haifaffen Kagara, a Kwantagora ya sa gidan tauraron Ruwan Bagaja, ƙasar da ya sani.

To, me Dutse ta rasa? A ranar 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka wayi gari Dutse ta zama babban birni. Ma'aikata suka taso daga Kano, da yawa suka bar iyali a can, suna kai da kawo a kan hanya. Gonaki suka zama filaye da unguwanni. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, baƙin fuskoki da harsuna suka ƙaru. Duk wannan ya faru ne a gefen tsohon garin Garu da ke tsakanin duwatsu, da lambunan dabinon da aka san garin da su. Manomin da ya sayar da gonar gado, da akawun da ke da gida biyu, da tsohuwar da ta ga ƙauyenta ya koma birni, kowannensu ya isa ya ɗauki jigon littafi. Ga kuma ambaliyar 2022 da ta raba dubban mutanen jihar da muhallansu, ga zanen duwatsun Birnin Kudu ga mai son labarin zamanin da.

Wani zai ce masu karatu sun fi son soyayya da rayuwar masu kuɗi, kuma marubuci yana bukatar kasuwa. Gaskiya ne soyayya tana da farin jini, kamar yadda In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya nuna tun 1991. Amma ai ana soyayya a Kiyawa da Jahun, ana kuma auren dole da rikicin gado. Jigon yana nan, muhallin kawai ake neman a gyara.

Ta fuskar dabarun aiki, abubuwa uku sun wajaba. Na farko, marubuci ya riƙe ɗan littafin aljihu, ya shiga kasuwar Shuwarin ko tashar mota, ya saurari yadda dillali ke ciniki da yadda tsohuwa ke habaici, domin tauraro ya yi magana irin ta ajinsa da shekarunsa. Na biyu, ya tsara zubin labarin babi-babi kafin ya fara, ya san abin da tauraronsa yake nema da abin da ya tare masa hanya. Na uku, kada ya tsaya gyara sai ya kai ƙarshe, sannan ya ajiye rubutun na mako biyu, ya dawo ya karanta shi a bayyane, ya yanke wa'azin da ya yi yawa, ya kuma daidaita rabe-raben kalmomi da baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda ɗalibin Hausa ba shi da hujjar yin sakaci da su.

Daga ƙarshe, idan 'ya'yan Dutse ba su rubuta yadda garinsu ya sauya daga 1991 zuwa yau ba, dattawan da suka ga farkon al'amarin za su shuɗe da labarinsu, ko kuma baƙo ya zo ya rubuta shi yadda ya ga dama. Ɗalibin da ke da takarda da alƙalami ya riga ya mallaki kayan aiki, saura kawai ya fara shafin yau.