Idan soja ya tashi, asibiti ma tashi yake yi

A garuruwan da ke bakin daji a kudancin Katsina, daga Damari ta ƙaramar hukumar Sabuwa zuwa ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara, babu labarin da ke hana ido barci kamar a ji an ce sojoji sun kwashe kayansu. Tsoron nan yana da tushe. Mutanen Ƙanƙara ba su manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji. A Nuwamba 2025 kuma, gwamnan Kebbi Nasir Idris da bakinsa ya nemi sanin wanda ya ba da umarnin janye sojoji daga Maga jim kaɗan kafin a sace 'yan mata 25 a makarantarsu.

Sai dai akwai asarar da ba a cika ƙirgawa ba. Ranar da jami'an tsaro suka bar gari, malamin asibiti da ungozoma su ma shirin tafiya suke yi, kuma babu mai ganin laifinsu. Daga nan mai naƙuda sai ta kwana tana juyi, domin babu direban da zai ɗauki hanyar Funtuwa da dare. Allurar rigakafi ta tsaya, gona ta gagara, yunwa ta shiga gida. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025.

Dokoki kuwa muna da su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti juya wa mai buƙatar agajin gaggawa baya, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko. Wata doka ta 2017 ta ce a duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Amma me doka za ta tsinana wa mutumin Damari idan ƙofar asibitin a garƙame take, hanyar fita kuma a hannun 'yan bindiga?

Ran talaka amana ce a wuyan shugabanni, kuma za a tambaye su a kanta gobe ƙiyama. Don haka kada a janye sojoji daga wani gari sai an tanadi masu maye gurbinsu, an kuma sanar da hakimi da dagatai. Gwamnatin Katsina ta Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta sa gadin asibitocin karkara cikin ayyukan askarawan da ta kafa a 2023. Duk sulhun da za a zauna da mutanen daji, sharaɗin farko ya zama barin marar lafiya da malamin asibiti su wuce lafiya, dare ko rana. 'Yan majalisar da ke wakiltar Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara kuma su binciko inda kuɗin asusun lafiya na mazaɓunsu ke shiga, su dawo gida su yi wa jama'a bayani.