Jami'ar Garwa: takarda ta zo, kuɗin fa?

'Yan uwa, ranar 5 ga Janairun 2022 Shugaba Paul Biya ya sa hannu a dokar kafa sababbin jami'o'i 3: Garwa, Bertuwa da Ebolowa. An yi guɗa, an yi godiya. To amma sa hannu ba ya gina aji, ba ya sayen littafi, ba ya biyan malami.

Mutanen Marwa sun riga mu sanin haka. An ba su jami'a a 2008, ɗalibai suka share shekaru suna karatu a gine-ginen aro, warwatse cikin gari, ana jiran a gama ginin Kongola.

Tun gyaran 1993 aka soke tallafin da ake ba ɗalibi, aka ɗora masa sefa dubu 50 a shekara. Manomin auduga a Pitowa ko Gider shi ya san buhu nawa ke nan, ban da hayar ɗaki da abinci. Shi yana biyan nasa. Nawa gwamnati ke zubawa a kan ɗansa, nawa take zubawa a kan ɗalibin Yawunde? Da wane mudu ake awon? Ba a taɓa zuwa an karanta mana ba.

Kada a ce babu kuɗi. A 2016 an yi alkawarin kwamfutoci dubu 500 ga ɗalibai, aikin da aka ciwo bashin sefa biliyan 75 daga Sin dominsa. Ku tambayi 'ya'yanku ina kwamfutocin suke yau. Bashin dai yana wuyanmu. Da gasar ƙwallon Afirka ta matso kuwa, an ga yadda aka gyara filin Rumde Ajiya. Ashe in an so ana iyawa.

Ku da ke shiga Yola da Mubi kun ga gine-ginen da aka rubuta wa TETFund. Haraji ne da dokar Najeriya ta ɗora kan ribar kamfanoni, aka keɓe wa manyan makarantu. Su ma suna da nasu kukan, amma akwai ƙa'idar rabo a rubuce.

Abin da muke nema ke nan: a raba bisa yawan ɗalibai, a ƙara wa jami'ar da ke farawa daga fili, a liƙa adadin a ƙofar kowace jami'a. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi nawa aka ware wa Jami'ar Garwa bana, nawa kuma ya iso hannunta.