Naira 100 Ce Kuɗin Asirin Ɗan Nijeriya?

A watan Yuni na shekarar 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative, wadda ke fafutukar kare haƙƙin jama'a a intanet, ta fito da wani labari wanda ya isa ya hana kowane ɗan ƙasan nan barci. Ta ce akwai waɗansu shafuka da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya, watau lambar ɗan ƙasa da lambar BVN da lambar waya da sauransu, a kan naira 100 kacal. Don kada a ce ƙage ne, sai ta sa kuɗi ta sayi takardar lambar ɗan ƙasa ta Ministan Sadarwa kansa, Dokta Bosun Tijani. To jama'a, idan an sayi ta minista da kuɗin da bai isa ƙosan karin kumallo ba, ina ga ta ɗalibi, ina ga ta manomin da ko karanta abin da ke jikin takardar bai iya ba?

Ya kamata mu fara tunawa da yadda bayanan nan suka bar hannunmu, domin ba kai su muka yi don ganin dama ba. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN, aka ce duk mai ajiya a banki ya zo a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A Disamba ta 2020, lokacin da Isa Ali Pantami ke Ministan Sadarwa, aka ba da umarni kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa, tsofaffi da mata masu goyo suka yi ta sammako suna cunkoso a ƙofar ofisoshin hukumar NIMC, alhali kuwa a lokacin ana tsakiyar annobar korona ana hana taro. A Afrilu ta 2022 aka toshe kira a layuka sama da miliyan 70 waɗanda ba su bi umarnin ba. Mu ɗalibai kuwa, tun 2021 ba mai rubuta jarrabawar JAMB sai da lambar, haka nan mai neman bashin karatu na Gwamnatin Tarayya da aka fara a 2024. Abin da hukuma ta karɓa ta wannan hanya ajiya ce, ajiya kuwa kowane Bahaushe ya san hukuncinta: wanda ya karɓa shi ke da alhakin tsarewa, in ta salwanta da sakacinsa shi ke biya.

Dalilin da aka fi kafawa a wancan lokaci shi ne tsaro. An ce da zarar kowane layi ya sami mai shi, ɓarayin mutane ba su da sauran wurin ɓuya. Amma a Maris ta 2024, da aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga ta Jihar Kaduna, ta waya ɓarayin suka nemi fansar naira biliyan 1. Talaka ya cika nasa alkawari, ya miƙa yatsu goma. Ina na hukuma?

Yadda bayanan suka fita shi ne abin da ya fi kamata mu tsaya a kansa. Hukumar NIMC ta ce ba wanda ya fasa rumbunta, kuma ba sai mun yi gardama da ita ba, domin in haka ne ma abin ya fi muni. Hukumar tana ba waɗansu kamfanoni lasisi su riƙa tantance lambobin mutane a madadin bankuna da makamantansu, watau ta ba su makulli. Da wata kafar binciken labarai mai suna FIJ ta tona asirin shafin XpressVerify a Maris ta 2024, binciken farko na Hukumar Kare Bayanai ya nuna mai yiwuwa ɗaya daga cikin masu lasisin nan ne ya ara wa shafin makullinsa. Ashe ba katanga aka haura ba, ta ƙofa aka shiga, da ɗan gari kuwa akan ci gari. Kwamfuta ba ta da laifi a nan. Laifin na wanda ya raba makullai ne bai bi sawu ya ga inda suke kwana ba.

Na san akwai mai cewa, “Ni me nake da shi da za a sace?” Wannan magana ce ta wanda abin bai taɓa faɗa wa ba. Da lambarka da hotonka da ranar haihuwarka ana iya buɗe asusu da sunanka, a karɓi kuɗin damfara a ciki, ranar da 'yan sanda suka bi sawu kuwa ƙofar gidanku za su tsaya. A Yuli ta 2025 hukumar EFCC ta bayyana cewa akwai dubban samari da ke yawo suna sayen bayanan mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar wa masu buɗe irin waɗannan asusu. Ga kuma kamfanonin ba da rance ta waya, waɗanda ke kwashe lambobin duk mutanen da ke cikin wayar mai cin bashi, in ya yi jinkirin biya su aika wa surukinsa da malaminsa da maigidansa saƙo cewa ɓarawo ne. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan aiki. A wurinmu, inda mutunci ya fi dukiya, saƙo ɗaya irin wannan na iya fasa aure. Sa'an nan a lura: in aka sace lambar sirrin katin banki, canza ta ake yi a minti biyar. Zanen yatsa fa? Da shi aka haife ka, da shi za a kai ka kushewa.

Tarihi ma yana da abin faɗi. Turawan Beljiyam ne suka sa a rubuta ƙabilar mutum a katin shaidarsa a Ruwanda tun shekarun 1930, kuma a 1994 katin nan aka riƙa dubawa a shingayen hanya kafin a kashe mutum. Magatakardan da suka cika katunan aikin ofis kawai suka yi. Rumbu yakan daɗe fiye da gwamnatin da ta gina shi, ba kuma wanda ya san hannun da zai gaje shi.

Doka kam akwai ta. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A Yuni ta 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta ba kowa ikon tambayar abin da aka ajiye game da shi, da neman a gyara ko a goge, ta kuma wajabta wa mai ajiya ya sanar da Hukumar cikin sa'a 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. An ma fara cin tara: Bankin Fidelity naira miliyan 555.8 a 2024, kamfanin MultiChoice naira miliyan 766 a 2025. Madalla. Sai dai wanda ya fi kowa tara bayananmu ita ce gwamnati, kuma dokar ta ɗauke wa jami'an tsaro da yawa daga cikin sharuɗɗanta da sunan tsaron ƙasa. A ganina ba za a ɗauki dokar nan da gaske ba sai ranar da aka ga babban jami'in gwamnati ya rasa kujerarsa saboda ajiyar jama'a ta zube a hannunsa, aka kuma biya waɗanda aka cuta diyya.

'Yan'uwana da suka riga mu kama aikin gwamnati, ku ne zaune gaban na'urorin nan, ba minista ba. Abokin da ya ce ka duba masa adireshin wance, ko ɗan siyasar da ya ce ka kwafo masa sunaye da lambobin mutanen ƙaramar hukuma, abin da yake nema ka yi ke nan abin da mai lasisin can ya yi, ko da ba ka karɓi ko kwabo ba. Haka nan tsofaffin fayil da ake fitarwa daga ofis a sayar wa masu tsire da masu ƙosai, da hotunan mutane manne a jiki.

Mu ɗalibai kuma mu daina barin takardunmu a kwamfutocin shagunan buga takardu, mu daina cika BVN a kowane saƙon “tallafi” da ya shigo WhatsApp. Ina kuma kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta rubuta wa Magatakardan Jami'a takarda bisa ga ikon da dokar 2023 ta ba mu, ta tambaye shi wane kamfani ne ke riƙe da shafin rajistar ɗalibai, su wa ke iya buɗe fayil ɗinmu na asibitin makaranta, kuma shekara nawa ake ajiye su bayan mun gama. In amsa ta zo, a buga ta a fitowar mujallar nan ta gaba kowa ya karanta.